Me ya sa hoton ƙaramin jirgin ƙasana yake fitowa kamar kayan wasan yara?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na shimfiɗa ƙaramin layin dogo na ma'aunin HO a kan tebur a ɗakina, da tasha da gada da 'yan gidaje. A ido yana da kyau, amma duk hoton da na ɗauka sai goshin jirgin kaɗai ya fito tar, taragun baya su yi dishi-dishi, fentin kuma ya riƙa ƙyalli kamar an shafa masa mai. Kyamarata irin wadda ake sauya wa gilashi ce, da gilashin 18–55 da ta zo da shi. Shin sai na sayi wata?"

Malam, kada ka sayi wata kyamara, domin wadda ke hannunka ta isa. Abin da kake bukata shi ne maɗauki mai ƙafa uku, da fitila ɗaya mai kyau, da farin kwali, da kuma haƙurin barin kyamara ta ɗauki sakan biyu ko biyar tana shan haske. Dukan matsalolin da ka lissafa daga tushe ɗaya suka fito, wato kana ɗaukar hoton a matsayinka na ƙaton mutum da ya tsaya a kan tebur yana leƙen abin da ke ƙasansa, alhali hoton da ke ruɗar ido shi ne wanda ya yi kama da abin da ɗan ƙaramin mutumin da ke tsaye a bakin wannan layin dogo zai gani.

Bari mu fara da lissafin wannan ɗan mutum. Ma'aunin HO kashi ɗaya ne cikin 87 na girman abu na gaske, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layinsa milimita 16.5 ce. Idan aka rage mutum mai tsawon mita 1.7 da wannan ma'auni, tsawonsa ba zai kai santimita 2 cif ba. A ma'aunin N, wanda yake kashi ɗaya cikin 160, santimita 1 ne da 'yan kai. To, idan ka tsaya ka riƙe kyamara rabin mita sama da tebur, daidai yake da wanda ya hau sama da mita 40 yana hango tasha, kuma ba daga nan mutane suka saba ganin jirgin ƙasa ba. Ido yana ganin rufin taragu da yawa sai ya yanke hukunci cewa kayan wasa ne. Saboda haka ka saukar da kyamara har tsakiyar gilashinta ya yi kusa da bisan layin gwargwadon iko. Da wuya ka kai santimita 2 da babbar kyamara idan ka ɗora ta a kan teburin, domin kaurin jikinta kaɗai ya wuce haka, don haka dabarar ita ce ka kafa ta a wajen teburin, a bakin gefensa, ka rage tsawon ƙafafun maɗaukin har rabin gilashin ya kusa nutsewa ƙasa da gefen. A nan wayar hannu tana da fifikon da ba a cika lura da shi ba: idonta yana kusa da kusurwa, saboda haka idan ka juya ta kai ƙasa ka jingina ta da wani abu a tsakiyar shimfiɗar, za ta shiga lungun da babbar kyamara ba za ta taɓa shiga ba.

Dishi-dishin taragun baya kuwa ba laifin kyamararka ba ne, ɗabi'ar kowane gilashi ce. Duk lokacin da aka matso kusa da abu, zurfin wurin da ke fitowa tar yana raguwa sosai. A cikin gilashin akwai ƙofar haske da ake faɗaɗawa ko a tsuke, kuma ana auna ta da lambobin nan da ake rubutawa f/4, f/8, f/16 da sauransu. Idan lambar ta ƙaru, ƙofar ta tsuke ke nan, zurfin kuma ya ƙaru. Da kyamara irin taka, idan faɗin abin da ya cika hoton ya kai santimita 35, zurfin da za ka samu a f/8 bai wuce kimanin santimita 8 ba, a f/16 kimanin 16, a f/22 kuma kimanin 22. Kan jirgi mai tsawon mita 20 yana zama santimita 23 a ma'aunin HO, kuma idan ka haɗa masa taragu biyar ka wuce mita guda. Ka ga ashe ko kan jirgin kaɗai ba zai shiga cikin zurfin ba idan yana fuskantar kyamara. Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, za ta buɗe ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6, zurfin ya koma kamar faɗin yatsu uku.

Wannan batu ya fi kowane muhimmanci, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta riga ta koyi cewa abin da gabansa da bayansa suka dushe ƙaramin abu ne da ke kusa da ido. Shi ya sa masu ɗaukar hoto ke iya ɗaukar birni na gaske daga saman bene, su dusar da sama da ƙasan hoton da gangan, sai motoci da mutane su koma kamar na roba. Kai akasin wannan kake nema. Hoton jirgi na gaske da aka ɗauka da rana daga nisan mita 30 yana fitowa tar tun daga tsakuwar da ke gaba har zuwa tudun da ke can nesa, kuma haka naka ya kamata ya fito.

Hanyar farko ita ce tsuke ƙofar. Ka juya kyamara zuwa M, inda kai ne ke zaɓar komai, ka sa f/16, ka ajiye ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 ko 200 domin kada hoton ya yi tsaki-tsaki, sannan ka bar lokacin buɗewar labulen cikin kyamara, wanda ke barin haske ya shiga, ya yi tsawon da hasken ya bukata. Daga f/8 zuwa f/16 haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka hoton da ya ci rabin sakan zai koma cin sakan biyu. Wannan ba matsala ba ce, tun da babu abin da ke motsi a gabanka. Gidajen ba za su gudu ba, jirgin kuma kai ne ke tsayar da shi. Amma hannu ba zai iya riƙe kyamara sakan biyu ba tare da rawa ba, shi ya sa maɗauki mai ƙafa uku ya zama dole. Ka yi amfani da jinkirin sakan biyu ko rimot domin kada danna maɓalli ya girgiza ta, ka kashe na'urar hana rawa da ke jikin gilashin muddin tana kan maɗauki, kuma ka kashe saitin kai-da-kai na wurin da zai fito tar ka saita da hannu, kana duba allon baya bayan ka ƙara girman hoton. Idan kan jirgin yana fuskantarka a karkace, kada ka saita a kan goshinsa. Ka ɗan shiga ciki, wajen tagar direba ko lambar da ke gefensa, domin zurfin yana bazuwa gaba da baya ne daga inda ka saita, kuma idan ka saita a kan goshi ka yi asarar rabinsa a cikin iska.

Za ka iya cewa to me zai hana a tafi f/22 ko f/32 gaba ɗaya. Dalili shi ne idan ƙofar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, haske yana tarwatsewa a gefunanta yayin wucewa, sai hoton duka ya yi laushi, rubutun jikin tarago ya rasa kaifinsa. A kyamara irin taka wannan yana fara bayyana daga f/11 zuwa sama. Ra'ayina shi ne f/16 sulhu ne mai kyau, kuma ko f/22 ba abin gudu ba ne idan a waya ko a intanet za a kalli hoton, domin laushin da ya game ko'ina kaɗan ya fi sauƙi a ido a kan rabin jirgi da ya ɓace.

Hanya ta biyu ita ce wadda mafi yawan hotunan da ke burge ka a mujallu suke bi a yau, wato tara hotuna. Ana barin kyamara a wuri ɗaya a f/8, inda gilashin ya fi kaifi, a ɗauki hoto an saita a kan abu mafi kusa, a ɗan murɗa saitin zuwa ciki a sake ɗauka, a yi ta haka har a kai bangon baya. Daga nan sai manhaja a kwamfuta ta tsinci wurin da ya fito tar a kowane hoto ta haɗa su wuri ɗaya. Helicon Focus da Zerene Stacker domin wannan aiki aka yi su, Photoshop ma yana yi, kuma yawancin sababbin kyamarorin Nikon da Canon da Panasonic da OM System suna iya murɗa saitin da kansu su jero hotunan. Hoto 10 zuwa 25 yakan ishi yanayi irin naka. Abin kiyayewa shi ne matakan su riƙa hawa kan juna, kuma su fi ƙanƙanta a kusa da kyamara inda zurfin ya fi siranta; idan ka tsallake wuri, za ka ga wata ɗamara mai dishi-dishi ta ratsa tsakiyar hoton, kuma babu gyara sai sakewa. Haka nan dole haske ya zama iri ɗaya daga hoton farko zuwa na ƙarshe. Inda wutar lantarki ke hawa da sauka, ko ana kan janareta, fitilar LED mai batir ta fi aminci. Bayan haɗawa ka ƙara girman hoton ka bi wayoyin lantarki da sandunan sigina da rassan bishiyoyi da kallo, domin a nan manhaja take barin wani farin hazo a gefen siraran abubuwa, wanda sai an goge da hannu.

Ƙyallin da ka ambata kuwa aikin filashin da ke saman kyamara ne, kuma shawarata ita ce ka kashe shi kwata-kwata. Haskensa yana fita daga inda gilashin yake, ya doki fenti ya dawo kai tsaye, ya shafe duk inuwar da ke nuna kauri da siffar abu, ya ƙona abin da ke gaba ya bar na baya cikin duhu. Wannan na ƙarshen yana da doka: idan nisan abu daga fitila ya ninka biyu, hasken da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke rabin mita daga goshin jirgi tana mita guda daga tashar da ke baya, don haka tashar rubu'in haske kawai take samu. Idan ka ja fitilar zuwa nisan mita biyu, tashar tana mita biyu da rabi, kuma tana samun kusan kashi biyu cikin uku, bambancin da ido ba zai damu da shi ba. Saboda haka ka nisanta fitila, ka rama raunin hasken da ƙarin sakan.

Duniya rana ɗaya gare ta, don haka inuwa ɗaya ya kamata kowane abu ya yi, kuma duk inuwoyin su fuskanci gefe ɗaya. Ka kashe fitilun ɗakin, ka rufe labulen taga, ka kafa fitila guda a gefe, ta bayan kafaɗarka ta dama ko ta hagu, a ɗage kamar tsayin rana da hantsi. Kada ka ɗora ta tsaye a bisa kai, domin rufin taragu ne zai sha haske, gefensu da ƙafafunsu su nutse cikin duhu, alhali nan ne aikin yake. Idan kana son rana mai ƙarfi ka bar fitilar tsirara domin inuwa ta yi kaifi. Idan yanayin gajimare kake so, ka rataya farin yadi mai shara-shara tsakaninta da teburin, nesa da kwan idan mai zafi ne. A waje sararin sama ne ke cika inuwa da haske mai laushi, kai kuma farin kwali ne zai yi maka wannan aiki: ka tsayar da shi a ɗaya gefen, daura da fitilar, kana matso da shi kana janyewa kana kallon allon kyamara, har ka ga ƙafafun jirgin sun fito daga duhu ba tare da inuwar ta ɓace ba. Baƙin kan jirgi mai tururi ya fi kowane wahala. Nakan yanko ɗan kwali kamar girman katin waya, in naɗe shi da takardar azurfa da aka cukuikuye aka sake warwarewa, in kwantar da shi a gaban layin, ƙasa da inda kyamara ke gani, domin ya tura haske cikin sandunan ƙafafun. Kuma na'urar auna hasken kyamara tana ruɗewa da baƙin abu, takan ƙara haske har ya koma toka-toka, saboda haka ka yarda da abin da ka gani a hoton gwaji fiye da abin da ma'aunin ya nuna.

Akwai wani kuskure da nake yawan gani ko a hotunan waɗanda suka daɗe a harkar, wato inuwar bishiya ko ta gini da ta faɗa a kan hoton sararin sama da aka liƙa a bango. Ba a taɓa ganin inuwa a jikin sama ba, kuma mai kallo yana ganewa nan take ko da bai san abin da ya dame shi ba. Maganinsa shi ne a ɗaga fitilar ko a gusar da ita har inuwar ta faɗi ƙasa a bayan ginin, ko kuma a ba bangon wata 'yar fitila tasa mai laushi da za ta wanke inuwar.

Game da launi, kada ka haɗa fitilu iri biyu. Tsohon kwan fitila mai zare yana ba da haske ja-ja, wajen 2700 zuwa 3200 a ma'aunin Kelvin, hasken rana yana wajen 5500, dogon kwan ofis kuma yakan karkata zuwa kore. Kyamara tana iya gyara ɗaya, amma ba ta iya gyara biyu a lokaci guda. Ka nemi LED da aka rubuta CRI 90 ko sama a kwalinta, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da launuka daidai, domin mai arha takan kashe jan launi. Ka daidaita farin kyamara da hannu ta hanyar ɗaukar farar takarda ko katin toka a ƙarƙashin fitilar, kuma ka ajiye hotunan a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin gyaran launi daga baya ya zo da sauƙi.

Idan kana son jirgi ya yi kamar yana tafiya, ka sani cewa kusan duk irin waɗannan hotuna a tsaye jirgin yake. Jirgin HO da ke kwaikwayon gudun kilomita 60 a awa yana cin santimita 19 a sakan guda, wato ko a kashi ɗaya cikin 30 na sakan ya gusa fiye da milimita 6, wanda ya isa ya shafe duk rubutun jikinsa. Idan layinka na tsarin DCC ne, wato wanda ake sarrafa jirage da siginar dijital ta cikin layin, fitilar goshi tana zama a kunne ko jirgin yana tsaye, kuma wannan kaɗai yana sa ido ya ɗauka yana tahowa. A hoton dare mai sakan 10, fitilar goshin za ta ƙone ta zama farin dunƙule idan ka bar ta duk tsawon lokacin, saboda haka ka kunna ta sakan guda ka kashe, ka bar fitilun gidajen su ci gaba. Hayaƙi kuma tsohuwar dabara ce: ana maƙala 'yar auduga a siririyar waya, a riƙe ta a bakin bututun jirgin ana ɗan motsa ta yayin da labule ke buɗe, sai ta fito kamar tururi. Inda ba ka da ikon tsayar da jirgi lissafin yana juyewa. A Miniatur Wunderland da ke Hamburg a ƙasar Jamus, wanda aka buɗe a 2001, jirage ba sa jiran kowa, kuma hasken zauren yana zagayawa daga rana zuwa dare duk minti 15. A irin wannan wuri sai dai ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, ka sa kashi ɗaya cikin 250 na sakan, ka ɗauki jirgin daga gefe inda zurfi kaɗan ya wadatar.

Kafin ka danna maɓalli, ka duƙa ka duba wurin da idonka a daidai inda gilashin yake. Na taɓa ɓata yammaci guda ina tara hoto ashirin da wani abu na jirgin kaya yana fitowa daga ƙarƙashin gada, hasken ya zauna yadda nake so, sai da na haɗa su a kwamfuta na ga ƙafar gaba ta tarago na biyu ba ta kan ƙarfe, tana zaune a kan katakon layin, ga kuma silin gashi ɗaya kwance a rufin kan jirgin. Silin gashi bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma idan aka ninka shi sau 87 ya zama igiya mai kaurin kusan milimita 6, ƙwayar ƙura mai rabin milimita kuma ta zama dutse mai santimita 4. Buroshi mai laushi irin na kwalliya da 'yar robar hura iska sun isa, kuma a lokacin hunturu sai ka share kafin kowane zama, ko da jiya ka share. Ka kuma duba gefunan hoton, kada bakin tebur ko makunnin wuta ko ƙofar ɗaki su leƙo.

Wannan fanni ya daɗe da sanin cewa gini da hoto tare suke tafiya. John Allen, wanda ya gina shahararren layin nan na Gorre & Daphetid a gidansa da ke Monterey a jihar Kalifoniya, sana'arsa ta asali ɗaukar hoto ce, kuma yana gina duwatsu da gadoji ne yana tunanin inda kyamara za ta tsaya, har yana kafa madubai domin titi ko layi ya yi kamar ya ci gaba. Ya rasu a watan Janairun 1973, gobara kuma ta cinye layin kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, don haka ta hotunansa ne galibi aka san aikin a yau. Abin da za ka ɗauka daga wurinsa a aikace shi ne ka tanadi wuri ɗaya ko biyu a bakin teburinka inda ƙasa ta ɗan yi kwari kuma babu shinge ko bishiya a gaba, domin gilashi ya samu mashiga.

Idan kuma kana son ganin sakamako tun kafin ka sayi fitila, ka samu katako mai tsawon mita guda, ka shimfiɗa masa layi ɗaya da tsakuwa da 'yar ciyawa, ka fita da shi waje da hantsi ko bayan la'asar. Ka ɗora shi a kan katanga ko tebur mai tsayi inda babu gini kusa a bayansa sai sarari da bishiyoyi na nesa, ka sa gilashin a wajen milimita 24 zuwa 35, f/16, ISO 100, rana tana bayan kafaɗarka. Gilashin 18–55 yana iya saitawa har kusan santimita 25 zuwa 28 daga bayan kyamara, wanda ya ishe ka. Sai dai kada ka bar jirgin ya daɗe a rana, domin jikinsa roba ne, kuma zafin tsakar rana yana iya lanƙwasa rufin tarago. Ka ajiye shi a inuwa, ka fito da shi sai ka gama saita komai.